Tsaga Uku a Jikin Aksil

Ni ne mara gaskiya a maganar aksil ɗin nan. Na fara da faɗin haka don kada mai karatu ya zauna jiran inda zan wanke kaina, babu wurin. Na daɗe ina ba da labarin ta wata fuska a tashoshin mota, mutane suna gyaɗa mini kai. Yanzu zan faɗe shi yadda ya faru.

A shekarun da ake aikin dam ɗin Tiga ina da wata tsohuwar mota, irin mai dogon baya da layin kujeru uku, wadda muke kira wagon. Ni ne mutum na uku da ya mallake ta. Sitiyarinta a dama yake, don an yi ta tun kafin a sauya hannun tuƙi. Da ita nake bin kasuwanni: Bebeji, Kiru, Badafi, Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa. Mutum takwas aka yi ta dominsu, amma ban tuna ranar da na tashi da takwas ba. Ga buhuna a sama, ga awaki a baya.

Mai gyara mini ita ɗan kawuna ne, ɗan wan mahaifiyata, wato taubashina. Ya girme ni da shekara uku, ƙauyenmu ɗaya, tare muka yi kiwo. Rumfarsa tana bayan tashar Tudun Wada, a gindin wata tsamiya da ya rataya wa sarƙa don ɗaga inji. Kamar yadda taubasai suke yi, ba ma gaisawa sai da tsiya. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa ɓarawon noti. A bayan rumfar akwai gawar wata wagon koriya irin tawa, a kan duwatsu, ba taya ba gilashi. Shekara huɗu yana tara mata kaya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wata rana zai tashe ta.

"Taubashi, kajin cikin motarka sun ƙyanƙyashe?" nakan ce.

"Sun ƙyanƙyashe. Su ma sun ce ba za su hau taka ba, suna son ransu."

Farkon daminar da ruwa ya fara taruwa a bayan dam, na faɗa wani rami kusa da kwalbati da lodin dawa. Tun daga nan bayan motar ya fara kuka, tayar hagu tana cin gefe, mai yana ɗiga. Ɗan kawuna ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito yana goge hannu.

"Aksil ya lanƙwashe. Wannan ya gama aikinsa a duniya."

Ga wanda bai san mota ba, aksil shi ne doguwar gorar ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, mai tulu a tsakiya inda haƙora suke juyawa. Duk nauyin da ka ɗora wa mota a kansa yake ƙarewa.

Lalacewar ta zo a mugun lokaci. Ƙauyenmu yana cikin waɗanda ruwa zai ci. Yawancin mutane sun riga sun tashi a manyan motoci zuwa sabon wuri a kan tudu. Inna, mahaifiyata, ta ƙi. Ta ce ba za a jibga dutsen niƙanta da gadonta da ƙyauren ɗakin marigayi mahaifina a cikin kayan jama'a ba, tana da ɗa mai mota. Ruwa kuwa ya riga ya shanye hanyar fadama, saura ta tudu, ita ma kowane ruwan sama yana rage ta.

Na tafi Kano neman aksil. A wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci na ga wani baƙi wul, fenti yana sheƙi, kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Mai shi ya ce daga jikin motar wani ma'aikaci aka cire, da gaba ta yi karo, bayanta ko ƙwarzane babu. Ban ƙwanƙwasa ba, ban juya shi ba. Sheƙin na saya.

Wani dattijon direban akori-kura ne ya ɗauko ni da shi. A hanya ya waiwaya ya dubi kayan, ya ce, "Wa zai ɗaura maka?"

Na ce ɗan kawuna.

"Ka yi masa shaida?"

"Shaidar me, Baba? Na ce maka ɗan kawuna ne."

Ya yi dariya. "Ni wanda ya musanya mini sabon famfon ruwan mota da tsoho nono ɗaya muka sha. Kai dai sabon kaya in ya kwana a rumfar makaniki, da safe ya tsufa. Mu duk wanda ka gani ya daɗe a hanya yana yi wa kayansa alama."

Maganar ta zauna mini a rai. Da muka tsaya kusa da Bagauda ya tafi alwala, na buɗe akwatin kayan aikinsa na ɗauki magagari. Na hau bayan motar, na kifa aksil ɗin, na yi masa tsaga uku a jere ta ƙasa, gefen hagu na tulun, inda ido ba ya kaiwa sai hannu. Na shafe wurin da baƙin mai. Ɗan kawuna bai taɓa cuta ta ko da noti ɗaya ba. Na san haka lokacin da nake goga magagarin, kuma ban fasa ba.

Da muka sauke shi a gindin tsamiya direbobi suka taru. Na cika baki sosai a ranar. Na ce ido ake bukata a Kano, ba kowa ne zai shiga ya fito da irin wannan ba. Ɗan kawuna ya zagaya aksil ɗin. Ya tura shi da ƙafa ya mirgina. Ya ɗauki sifana ya buga wannan gefe, ya kara kunne, ya buga wancan. Ya sake buga na hagu. Ya dubi mutanen da suka taru, ya dube ni, bai ce komai ba.

"Yaya, ɓarawon noti, baki ya mutu? Ba ka taɓa ganin sabo ba?"

"Na gani yau," ya ce. "Kawo jak, bawa, mu fitar da gawar tukuna."

Tare muka cire tsohon. Muka toshe tayoyin gaba da duwatsu, muka ɗaga bayan, muka tokare bodin da guntayen itacen kirya, don shi ba ya yarda ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Muka cire tayoyi. Ya kwance tiyon birki ya toshe bakinsa da tsinke, ya saki shokazoba biyu, ya raba farfela, sandar da ke kawo juyin inji, da tulun. Notukan sun yi tsatsa, sai da ya jiƙa su da kananzir muka sha ruwa muka dawo. Ɗaya ya ƙi, ya zura bututu a bakin sifana ya ce in hau in taka. Kowane noti ya cire sai ya jefa a tsohuwar langa, kada ƙasa ta ci shi. Wajen la'asar muka janyo aksil ɗin waje, mu biyu, muna nishi.

Na ɗauka za mu ɗaura sabon da safe. Sai ya ce, "Tafi ƙauye ka taya Gwaggo ɗaure kaya. Jibi da hantsi ka zo ka ɗauki motarka."

"Kai kaɗai za ka ɗaga shi?"

"Da ka taimake ni da ba ka taimake ni ba duk ɗaya ne. Tafi."

Ranar da ya ce na same ta tsaye a kan tayoyinta. Saura fitar da iska daga birki. Na zauna a sitiyari, shi yana kwance a ƙasa yana ba ni umarni.

"Taka. Taka. Riƙe. Na ce riƙe, ƙafar taka ta rogo ce? Saki."

Muka zagaya da ita bayan gari. Shiru, ba kuka, ba rawa. Da zan tafi ya dafa ƙofar, ya rage murya saboda mutanen da ke zaune a benci.

"Akwai magana tsakaninmu. Amma kwashe Gwaggo tukuna, ba a tsaye za a yi ta ba."

Na ce to, ban ko saurare shi sosai ba.

Sawu huɗu na yi a kwana biyu. Hanyar ta zama taɓo, wani wurin sai na bi ta gonakin da aka bari. Na ɗauki dutsen niƙa, turmi biyu, gadon ƙarfe, tukwane, hatsin rumbu, ƙyauren nan a sama ɗaure da igiya. Motar ta zauna har tana shafar ƙasa, amma ba ta yi ko tari ba. A sawun ƙarshe ruwa ya kai gindin kukar da ke bakin rijiyarmu. Inna ta sa na tsaya a gefen maƙabarta, ta sauka ta yi addu'a, ta dawo ta zauna. Da muka hau tudu sai ta ce, "Allah ya yi wa ɗan yayana albarka. Motar nan kamar ba ita ba."

Bayan kwana uku na kai motar bakin ruwa don in wanke taɓon. Na kwanta ina zuba ruwa a ƙasanta, sai na tuna shaidata. Na kai hannu gefen hagu na tulun. Sumul. Na shafa gaba, na shafa baya. Na debi ruwa na wanke ƙarfen da tsumma. Ba baƙi ba ne. Ruwan ƙasa ne na tsatsa, da ragowar koren fenti a lungu.

Na daɗe kwance a wurin, ruwa yana ɗiga mini a fuska. Ba fushi na fara ji ba, tune-tune ne suka taso mini. Na tuna yadda ya kore ni ƙauye. Na tuna shirun da ya yi da ya ga kayan. Na tuna "akwai magana". Na tuna muna yara, ranar da saniya ta taka ni ya goyo ni har gida. Wannan mutumin, na ce a raina, shi ne ya dube ni ido cikin ido ya ce taka, riƙe, saki, alhali ya san abin da ya ɗaura mini. Dariyar dattijon direban nan ta yi ta dawo mini a kunne.

Ranar Juma'a, lokacin da na san ya tafi masallaci, na zagaya bayan rumfarsa. Kusa da koriyar motarsa akwai wani abu lulluɓe da tsohon zana. Na ɗaga. Aksil ɗina ne, baƙi, yana sheƙi. Na sa yatsa, ga tsaga uku. Na leƙa ƙarƙashin motarsa, babu aksil a jikinta, bayanta a kan duwatsu kawai yake. Lissafin ya fito mini sarai: ya ba ni tsohonsa, ya ajiye sabona don ranar da zai tashi tasa.

A nan ne babban laifina yake. Da na jira shi ya dawo daga masallaci, mu biyu a gindin tsamiya, da maganar ta ƙare kafin la'asar. Ban yi ba. Na mayar da zanan, na tafi, na jira ranar kasuwa. Kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, ina kuma jin daɗin shirya shi.

Ranar kasuwa tasha ta cika. Na kira sarkin tasha, wani dattijo mai sanyin hali, na ce ya zo ya gani da idonsa. Direbobi suka biyo mu. Ɗan kawuna yana tsugune a gaban wani inji. Ya ɗago yana murmushi.

"Bawa, yau da rakiya ka zo?"

Na wuce shi, na yaye zanan. Na ce, "Jama'a, kun ga aksil ɗin da na kawo daga Kano a gabanku. Ga shi nan. Ku leƙa motata ku ga abin da ke jikinta."

Ya miƙe a hankali. "Zo gefe mu yi magana."

"A nan za a yi ta."

"Taubashi, zo gefe."

"Ni ba taubashin ɓarawo ba ne."

Na sha kiransa ɓarawo tun muna yara, amma kowa a wurin ya ji cewa wannan daban ne.

Ɗan kawuna ya ce wa sarkin tasha, "Baba, aksil ɗin da ya sayo karyayye ne. An yi masa walda a gefen hagu, an goge, an shafe da fenti. Tun da na buga na ji. Ban faɗa a gaban mutane ba don yana ta murna. Ruwa yana tahowa, Gwaggona tana ƙauye, babu lokacin komawa Kano. Na ciro na motata na ɗaura masa. Na ce masa akwai magana."

Ya ɗauki wuƙa ya nufi aksil ɗin don ya kankare fentin. Na tare shi.

"Kada ka taɓa mini kaya. An kama ka, yanzu so kake ka lalata shi."

Sarkin tasha ya ce mini, "Kai kuma me ya kai ka bincike? Yaya aka yi ka tabbatar wannan ne naka?"

Da alfahari na kifa aksil ɗin na nuna tsagar. "Shaidata ce. Da hannuna na yi."

Ɗan kawuna ya sunkuya ya duba. Ya daɗe yana kallo.

"Na gan su tun ranar farko," ya ce. "Na ɗauka mai sayarwa ne ya yi." Ya ɗago. "Ashe kai ne. Yaushe?"

"A hanya."

"Kafin ka kawo mini."

"Ƙwarai. Ga shi kuwa ta yi amfani."

Ya ajiye wuƙar a kan benci. Daga nan bai ƙara kare kansa da kalma ɗaya ba. A lokacin na ɗauka kunyar kamu ce ta rufe masa baki, mutanen da ke wurin ma haka suka ɗauka. Sarkin tasha yana son a rabu lafiya, ya ce a mayar wa kowa nasa, magana ta mutu.

"Zan cire nawa," in ji ɗan kawuna. "Amma hannuna ba zai ɗaura wancan a motar da ke ɗaukar mutane ba. Ya nemi wani."

A ranar ya cire, shi kaɗai, ya ƙi kowa ya taya shi. Ya bar mini motar a kan itacen kirya, notukan a cikin langa, ko ɗaya bai ɓata ba. Na ɗauko wani makaniki daga Kiru ya ɗaura mini baƙin. Shi bai buga ba, bai saurara ba, ya ɗaure ya tafi.

Maganar ba ta mutu ba, don ni ban bar ta ta mutu ba. Na ba da ita a Bebeji, na ba da ita a Kiru, na ba fasinjoji a hanya. Duk inda na faɗa sai in ƙara da cewa ɗan kawuna ne fa, jinina. Ina jin ciwon da gaske, kuma ina son a ga ciwon. Direbobi suka fara janyewa daga gindin tsamiya. Waɗanda suka ci gaba da zuwa sai su zauna su tsare shi da ido har ya gama. Wani ya zo da gwangwanin jan fenti ya ɗiga wa kowane ƙarfe a gabansa kafin ya miƙa masa. Mutumin da a da ake bar wa mota da makulli a tafi Kano kwana uku.

Inna abu biyu kawai ta tambaye ni. "Ka same shi shi kaɗai ka tambaye shi?"

Na ce abin da ido ya gani ba ya bukatar tambaya.

"A kan wane aksil ɗin ka kwaso ni?"

Na ce ba wannan ake magana ba. Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Kafin kaka ya kwance sarƙarsa daga tsamiya. Koriyar motar ya sayar wa maƙera, suka yanka ta suka yi kaskon wuta da bakin garma. Ya kwashe iyalinsa ya koma Doguwa, inda labarin bai yi ƙarfi ba.

Da aka fara cire gyaɗa, na taso daga kasuwar Badafi zuwa Kiru da buhuna da mutum tara. Muna gangarawa wani rafi, a giya ta biyu, Allah ya sa ba gudu nake ba. Sai ƙara kamar an sare icce. Bayan motar ya zube ta hagu, tayar ta kwanta a ƙarƙashin bodi, muka ja ƙasa muka tsaya a bakin gangare. Buhu ya faɗo wa wata dattijuwa mai sayar da daddawa, hannunta ya karye a wuya. Tana riƙe da shi tana salati a hankali, ba ta ko zage ni ba.

Bayan an samu wata mota ta tafi da ita wajen mai ɗori, na shiga ƙarƙashi. Gorar ta rabu biyu. A bakin karayar ga ƙullutun walda ta ciki, ga tsohuwar tsatsa a inda waldar ba ta kama ba, ga baƙin fenti ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Na auna da hannuna. Tsakanin karayar da tsagata uku bai kai taƙi ɗaya ba. Na kifa ƙarfen nan a Bagauda, na sa fuskata dab da wurin, ina neman inda zan kama ɗan'uwana, ban ga abin da ke gaban idona ba.

Mutumin kirki da washegari zai kama hanyar Doguwa. Ni na ce wa mutane rami na faɗa. Na sayi wani aksil, na sa aka buga shi a gabana. Guntun karyayyen na jefa a bayan ɗakina na rufe da kara. Na daina ba da labarin, amma ban janye shi ba, in wani ya tayar sai in ce a bar tuna baya. Har aka riƙa yaba mini haƙuri. Shekara biyu na yi a haka. Wannan shirun ya fi abin da na yi a tasha muni, don a tasha ban sani ba.

Inna ba ta taɓa tambayata abin da ya karya motar ba. Abin da ta yi shi ne ta daina shiga. In za ta unguwa sai ta ce ƙafarta tana son tafiya. Ban gane da gangan ba ne sai ranar da aka aiko an yi wa ɗan kawuna haihuwa. Da safe ina tasha, motata babu kowa, ina jiran lodin Doguwa. Sai ga ta da ƙullin kayan barka a ka. Na fito na buɗe mata gaba. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta je wajen wata babbar motar itace, ta sa aka kama hannunta ta hau baya, ta zauna a kan buhu cikin rana. Direbobi suna kallo. Ɗaya ya ce, "Ba tsohuwarka ba ce waccan?" Na ce ita ce.

Ranar kasuwar da ta biyo na tono guntun ƙarfen na kai tasha, na ajiye a gaban sarkin tasha. Na ce ya tara mini mutane kamar wancan karon. Ba su kai rabin na da ba. Wasu sun bar hanyar, wasu sababbi ne ba su san kan maganar ba. Na nuna waldar, na nuna tsagar, na faɗi abin da ya faru da dattijuwar da shekara biyun da na yi ina ɓoyewa. Wani ya yi dariya. Sarkin tasha ya juya ƙarfen a hannunsa ya ce, "Da ka bar shi ya kankare fentin nan." Ya miƙo mini. "Ba mu ne za ka ba haƙuri ba. Mu ma da namu a ciki."

Na kama hanyar Doguwa ba fasinja. Na ratsa daji, na isa bayan azahar. Rumfarsa ƙarama ce a gefen hanya, kekuna da injin niƙa sun fi motoci yawa a gabanta. A ƙofar, kan duwatsu biyu, ga wani aksil mai ragowar koren fenti, an ɗora masa katako ana zama. Shi kaɗai ya rage daga motarsa.

Yana ɗaure wani noti. Ya ga inuwata, ya ɗago. Ya yi furfura a gemu. Na yi sallama ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, kamar yadda ake tambayar baƙo. Bai ce bawa ba. Ya nuna mini katakon in zauna. Ban iya zama a kai ba. Na tsuguna a ƙasa, na ajiye guntun ƙarfen a tsakaninmu, bakin karayar yana kallonsa. Ya dube shi sau ɗaya, bai taɓa ba.

Na ce, "Yaya, ya karye a inda ka ce. Shekara biyu ke nan, na ɓoye. Ya karya hannun wata baiwar Allah. Yau da safe na faɗa a tasha, a gaban sarkin tasha, amma waɗanda suka ji ƙaryar sun fi waɗanda suka ji gaskiyar yawa, kuma ba ni da yadda zan bi su ɗaya ɗaya. Ka cire aksil ɗin motarka ka kwashe uwata daga bakin ruwa, ni na kira ka ɓarawo a kasuwa. Na raba ka da rumfarka da motarka da sunanka. Kafin duk wannan, tun ba ka yi mini komai ba, na yi wa kayana shaida saboda kai. Wannan ne na fi jin kunyarsa. Ba ni da abin da zan mayar maka. Na cuce ka, Yaya. Don Allah ka yafe mini."